Dutsen Kwallin da Ba Ya Raguwa

A unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa a Damanhur, abu biyu ake faɗa a kan dutsen kwallin Hajja Nabawiyya. Na farko, wai ismid ne, tozali na asali, da kakan mijinta ya zo da shi daga Hijaz tun ana zuwa hajji a kan raƙumi, kuma duk jaririn da aka sa wa kwallinsa ranar bakwai ba zai taɓa sanya tabarau ba. Na biyu, wai ba ya raguwa. Shekara da shekaru ana sa wa 'ya'yan unguwa, amma yana nan yadda yake, kamar dunƙulen hannun mace, a naɗe cikin koren ƙyalle.

Maganar tabarau ba ta taɓa hana ni barci ba, don na san sirrinta. Ni na koyar da ilmin sinadarai a makarantar 'yan matan unguwar har na yi ritaya, na kuma ga 'ya'yan dutsen nan da idona. Su ne masu rububin layin gaba, masu ƙanƙance ido, masu kwafar abin da ke kan allo daga littafin maƙwabciya. Ba sa sanya tabarau, wannan gaskiya ne. Uwar da za ta saya musu ce babu, don wace ce za ta kunyata Hajja? Ɗanta tilo ma, Dokta Midhat likitan haƙori, wanda ya auri 'yata Rihab, a ƙasan bene yake cire nasa ya jefa aljihu, ya hau yana lalube.

Rashin raguwar ce ta tsaya mini a rai. Na ƙarar da ƙuruciyata ina gaya wa yara cewa abin da ka ɗiba daga cikinsa dole ya ragu, su kuma suna rubutawa a jarrabawa su ci, su koma gida su rantse da dutsen Hajja. Na bar zancen dai, tunda ba idon jinina ba ne. Sai ga shi Allah ya sauki Rihab lafiya bayan dogon jira, ta haifi 'ya mace. Jika ta farko a wurin Hajja, ta farko a wurina. Ranar bakwai kuma tana tafe.

Na fara da abin da ke kusa. Maƙwabciyata Umm Shadi tana da ragowar kwallin da Hajja ta ba ta lokacin haihuwar autanta, tana ajiye da shi kamar takardar gida. Na roƙi ɗan abin da zai rufe ƙumba. Tun a tafin hannu na ji bai da nauyin garin dutse. Na zuba shi a tsohon cokali, na ɗora a kan wutar gas. Ya yi ja, ya yi ta cinyewa, har cokalin ya koma ba komai sai 'yar toka da numfashi ɗaya zai kwashe. Garin dutse ba ya tafiya haka. Wannan kunkunniya ce, baƙin hayaƙi.

Washegari da hantsi na hau benen Hajja. Ita ke da ginin gaba ɗaya, hawa biyar, tana zaune a na biyu don ta ji motsin na sama da na ƙasa. Na same ta tana tsintar shinkafa.

"Abla Kawsar, malamar makaranta, da kanta! Yau wa ya faɗi jarrabawa?"

"Ke, Hajja. Kwallinki na ƙona jiya."

"Sai ya ce miki me?"

"Bai tsaya ya ce komai ba. Ya bi iska."

Na zaci za ta rikice. Ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ci gaba da ture tsakuwa gefen tire.

"Ke da aka ce kin yi jami'a a Iskandariyya, sai yanzu kika gane? Lubban nake ƙonawa, in kifa kasko a kai, in kankare baƙin. Haka uwar mijina ta koya mini. Da zan daka dutsen nan wa kowane jaririn Damanhur, ai da tun kafin a haifi Midhat ya ƙare. Ina goga tsinken a jikin ƙyallen, sannan in tsoma a tandu. Albarka ba ta buƙatar turmi."

"To me ya hana ki gaya wa mutane?"

"Wa ya tambaye ni? Sun ce ba ya raguwa. Ƙarya suka yi?"

Na yi dariya har da hawaye, hankalina ya kwanta. Hayaƙin lubban a gefen ido sau ɗaya ba abin da zan tayar wa da jijiyar wuya ba ne. Har na fara neman takalmina sai ta ce:

"Amma wannan karon dabam ne. 'Ya'yan mutane aka yi wa hayaƙi. Jikata kuwa, 'yar Midhat, ainihin dutsen za ta samu. Shekara nawa ina ajiye da shi in ba don ita ba? Kuma ba ranar bakwai kaɗai ba, kullum da safe har ta yi arba'in."

Ta tashi ta ɗauko koren ƙyallen ta warware. Ban taɓa ganinsa tsirara ba sai ran nan. Toka-toka ne mai ƙyalli, kuma ta riga ta ɓalle masa gefe guda. Gutsattsarin da suka zubo duk masu kusurwa huɗu ne, kamar ƙananan sukarin shayi. Na ɗauki dutsen, hannuna ya yi ƙasa don nauyi. Ismid ɗin da na sani a ɗakin gwaji dogaye-dogaye yake fashewa kamar tsinken ashana, kuma bai kai wannan nauyi ba.

"Hajja, ina jin tsoron dalma ce."

"Tsoro dai. Ku 'yan boko da tsoro aka yaye ku. Ismid da ya zo a hadisi kike kira dalma?"

"Ban yi musu da ismid ba. Da ɗan kasuwar da ya sayar wa kakan mijinki nake musu."

"Mutumin da ya rasu shekara ɗari? Je ki kai shi ƙara."

Daga nan na wuce asibitin surukina. Na tarar da shi da hannu a bakin wani dattijo, tabarau a kan hanci, yana gani tangaram. Ya fito yana goge hannu, na ba shi labari.

"Ai duk kwalli dalma ne, Abla. Kowa ya san wannan."

"Wa ya gwada?"

"An rubuta."

"An rubuta cewa na uwarka hayaƙin lubban ne?"

Na ce masa dalma ba ta fita daga jikin jariri in ta shiga, ƙwaƙwalwa take nema, kuma jaririya za ta murza ido ta kai hannu baki, kullum har kwana arba'in. Ya ce ya sani, ya karanta. Na ce to ya je ya gaya mata.

"Ni? Abla, ki rufa mini asiri. Ke ce kike iya mata. Ko kuma mu bari ta sa, in ta fita Rihab ta goge."

"Ta fita ina? Hawa ɗaya ne tsakaninku. Tun asuba za ta sauko, sai la'asar ta hau."

"To ki ce likitan yara ne ya hana."

"Ta ɗauki likita bakin komai ne? Ta haifi ɗaya, ta san yadda ake yin su."

Mutumin da ke cire wa manyan gari haƙori ba ya ko ƙifta ido, sai ga shi yana kallon agogon bango kamar zai cece shi. Na bar shi da dattijonsa. Rihab kuwa ban ko tayar mata da zancen ba. Mai jego ce, kuma ita za ta zauna da matar nan bayan na koma gidana.

Na san abu guda game da Hajja Nabawiyya: ba ta karɓar magana, amma tana karɓar abin da hannunta ya taɓa. Ba ta sayen kankana sai ta ƙwanƙwasa, ba ta yarda mai gyaran famfo ya gama aiki sai ta buɗe ruwan da kanta.

Da safiyar ranar bakwai, tun kafin mata su fara taruwa, na iso da jakata. A ciki akwai tsohon jadawalin sinadarai da ya yi shekaru a bangon ajina, da gawayi dunƙule ɗaya, da 'yar kanwa, da kyandir, da siririn bututun tagulla na hura wuta irin na maƙeran zinariya. Na ɗauke shi ne ranar da aka mai da ɗakin gwajin makarantarmu ma'ajiyar karyayyun kujeru. Gidan ya cika da ƙamshin mugat da ake dama wa mai jego. Hajja tana zaune da turmin tagullarta a gaba, wanda za a riƙa bugawa a kunnen jaririya, ta zuba gutsattsarin dutsen a ciki za ta fara daka.

Na shimfiɗa jadawalin a kan teburin cin abinci.

"Yau kuma darasi za a yi mana a gidan suna? Midhat, kawo wa malamarku alli."

"Ba darasi ba ne, Hajja. Gini na kawo miki ki duba, ke da kika san gini."

Ta matso, don kalmar gini ba ta wuce ta.

"Duk abin da Allah ya halitta duniya da shi yana da ɗaki a nan. Zinariya, ƙarfe, iskar da muke shaƙa, kowa da ƙofarsa. An jera su daga mara nauyi a sama zuwa mai nauyi a ƙasa. Yanzu ki gaya mini, a gininki, wa ya fi sanin halin Ustaz Fikri na hawa huɗu? Na ƙofar da ke kallon tasa, ko na ƙarƙashinsa?"

"Na ƙarƙashinsa mana. Na ƙofa sai gaisuwa a matakala. Amma bututunsu ɗaya da na ƙasa. In matarsa ta zuba mai a magudana, har hawa ɗaya sai an ji a jika."

"To haka nan yake. Waɗanda ke jere a hawa ɗaya maƙwabta ne kawai. Waɗanda ke saman juna su ne 'yan bututu ɗaya, halinsu na kama da juna. Kin ga wannan ɗakin? Kuza ce, wadda ake liƙe tukunya da ita."

"Na san ta. Mai laushi."

"A ƙarƙashinta daidai, dalma. Ita ma laushi, in an buga ta sai ta baje. Yanzu dubi ƙofar da ke kusa da kuza. Nan ƙarfen da ke cikin ismid yake zaune. Hawansu ɗaya da kuza, amma bututunsa dabam. Ƙarafan layinsa duk masu gautsi ne, in kin buga su sai su tarwatse kamar gilashi. Ba sa lanƙwasa wa kowa."

"Irin dangin mijina ke nan."

"Ni ban faɗa ba."

Ta sa yatsa a kan takardar tana bin layin sama da ƙasa, kamar mai neman inda ruwa ke yoyo. Sai ta ɗago.

"Hayaƙin lubban ɗina fa? Yana da ɗaki, ko a kan rufi yake kwana?"

Nan ta kama ni, don na so in tsallake wurin. Na nuna mata ɗakin gawayi, can a saman layin da kuza da dalma suke.

"A'a! Tsaya, Abla. Bututu ɗaya da dalmar? To ai kin kashe bakinki. In halinsu ɗaya, me ya sa kika yarda da wannan kika ƙi wancan? Midhat, zo ka ji malamarku ta faɗi jarrabawa."

Midhat ya leƙo daga ƙofar kicin ba tabarau, ya yi wa labule murmushi, ya koma.

Ɗalibaina ba su taɓa yi mini wannan tambayar ba, ko ɗaya. Haddacewa suke yi. Na ji wani abu kamar baƙin ciki cewa matar nan ba ta taɓa zama a ajina ba.

"Bututu ɗaya ne, kuma akwai halin da suka gada tare. Amma kina sauka nauyi na ƙaruwa, hali na rikiɗa. Na sama gawayi ne, da shi aka gina jikinki da nawa da burodin da muka karya da shi. Na ƙasa ya zama ƙarfe mai nauyi da jiki bai san yadda zai fitar da shi ba. Ke da kanki, in bututu ya toshe, ɗakin wa ƙazanta ke ɓullowa?"

Ta sake duban takardar.

"Na ƙasa."

"To."

"Wannan duk takarda ce. Takarda kuma ba ta ga dutsena ba."

"Shi ya sa na zo da gawayi. Ba ni gutsure ɗaya. Zan fitar miki da ƙarfen da ke cikinsa, ke kuma ki buga da taɓaryarki. In ya tarwatse, ismid ne, na ja bakina na yi shiru. In ya baje, dalma ce, sai ki ɗauko tandun lubban."

Na faɗi haka ne, amma kasada na yi. Nauyi da kusurwa huɗu sun gaya mini abin da zan samu, amma shekara nawa rabona da bututun hura wuta, kuma huhun da nake da shi yanzu ba na da ba ne. In na kasa fitar da komai, Hajja za ta ce dutsen ya ƙi ni, unguwa kuma ta sami magana ta uku.

"In ya tarwatse," in ji Hajja, "ke za ki riƙe mini tandun a gaban mata."

"Na yarda."

Muka fita baranda saboda hayaƙi, na sa aka rufe ƙofar ɗakin mai jego. Na ƙwaƙule ɗan rami a jikin gawayin, na murƙushe gutsuren da kanwa na zuba, na kunna kyandir. Na kafa bakin bututun a harshen wutar na fara hurawa. Garin ya yi ta tartsatsi yana tsalle, rabinsa ya zube ƙasa. Na tsaya ina haki.

"A kawo miki mugat, Abla? Naƙuda ce?"

Na sake zubawa, na sake hurawa, a hankali wannan karon, kumatu cike, numfashi ta hanci kamar yadda aka koya mana. Warin kibiritu ya tashi. Matar Ustaz Fikri ta leƙo daga sama tana tambaya ko wani abu ne ya kama. Gefen ramin ya yi rawaya, garin ya narke ya tattaru, sai ga ɗan ƙwallon ƙarfe yana sheƙi a tsakiyar baƙin gawayi, bai kai ƙwayar ɗan waken adas ba.

Muka jira ya huce. Na juye sauran gutsattsarin daga turmin, na jefa ƙwallon ciki, na miƙa wa Hajja taɓarya.

Ta karɓa, ta ce bismillah, ta buga sau ɗaya da ƙarfin da take buga wa jarirai su ji maganar iyaye. Turmin ya yi ƙara har cikin gida jaririya ta farka. Ta ɗaga taɓaryar. Ƙwallon ya zama ɗan faifai, shafal, ba ko tsaga a gefensa. Ta sake bugawa, ya ƙara bajewa. Ta ɓamɓaro shi da ƙumba, ta lanƙwasa shi tsakanin yatsu biyu, ya bi.

"Irin abin da masunta ke ɗaura wa koma ne," in ji ta a hankali.

"Shi ne."

Ta daɗe tana juya shi. Can ta ce:

"Allah ya jiƙan kakan mijina, Hajj Abdul Mu'ti. Daga Hijaz har nan a kan raƙumi, yana rungume da wannan."

"Amin. Niyyarsa ta isa inda ya aika ta."

"Kada ki yi mini wa'azi, ba fanninki ba ne." Ta naɗe dutsen a ƙyallensa ta ɗaure tam. "Midhat! Ɗauki turmin nan ka wanke da toka da lemun tsami, sau uku. Ka sa tabaranka ka ga abin da kake yi, ka ɗauka ban san yana aljihunka ba?"

Sannan ta juyo gare ni.

"Abin da aka yi a barandar nan, a barandar nan ya tsaya."

"Ni jaririya na zo wa, ba unguwa ba."

Bayan la'asar gida ya cika. Aka kwantar da yarinyar a cikin rariya, aka kunna kyandirori, yara suna zagayawa, wata tsohuwa tana watsa gishiri a kusurwoyi. Hajja ta buga turmi tana gaya wa jaririyar ta ji maganar ubanta, ta ji ta uwarta, ta ji ta kakarta ta wajen uba, ta wajen uwa kuwa sai ta auna tukuna. Mata suka kwashe da dariya, Rihab ta tsallaka rariyar sau bakwai. Aka raɗa mata suna Tasnim. Daga nan Hajja ta fito da koren ƙyallen, ta goga tsinke a jikinsa, ta tsoma a tandu, ta ja wa yarinyar siririn layi a kowane ido. Umm Shadi ta rangaɗa guɗa, ta matso kunnena.

"Kin gani, Abla? An ce wannan karon ainihin dutsen ta daka. Dubi baƙin, ai ya fi na Shadi nesa ba kusa ba. Ke kam kin yi sa'ar surukai."

Na ce ƙwarai kuwa.

Dutsen Hajja Nabawiyya dalma ne. Kwallin da aka sa wa Tasnim, da wanda aka sa wa duk 'ya'yan unguwar kafin ita, hayaƙin lubban ne. Ba a taɓa daka dutsen ba.